Tsohon injin zuƙar ƙura: tara shi, gyara shi, da inda ake farawa

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A wajen masu kayan gwanjo na ci karo da wani tsohon injin zuƙar ƙura, irin mai tsayuwar nan da ke da sanda da buhun yadi a jiki. An rubuta Hoover Junior a goshinsa, gindinsa kuwa ƙarfe ne mai nauyi. Na saye shi da araha don kawai ya burge ni. Tun da na kawo shi gida ban jona shi ba, domin wayarsa ta bushe har tana tsattsagewa. Wani abokina ya ce a ƙasashen Turawa akwai masu tara irin waɗannan suna gyarawa don sha'awa. Gaskiya ne? In har zan shiga harkar, daga ina zan fara, me zan iya yi da hannuna, me kuma zan kai wa mai gyara? Mai kayan yana da wani ma, Kirby, ya ce daga Amurka ya zo. In ƙara da shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta rabu gida uku: ko harkar tana da asali, yadda za ka tayar da wanda ke hannunka, sai kuma batun Kirby. Sana'ata gyaran moto na lantarki ce, fanka da famfon ruwa da injin huda da makamantansu, ta nan ne tsoffin injinan zuƙar ƙura suka fara zuwa teburina har na kamu da son su. Kafin komai, ka kyauta da ba ka jona shi ba. Mafi yawan waɗanda ake kawo min a mace ba tsufa ne ya kashe su ba, gwajin farko ne, lokacin da wani ya ce bari mu gani ko yana tashi.

Abin da masu tarawa suke gani a jikinsa

Abokinka ya yi gaskiya. A Amurka akwai ƙungiyar masu tara waɗannan injina, Vacuum Cleaner Collectors Club, wadda aka kafa a 1983, kuma suna taron shekara-shekara inda kowa yake zuwa da abin da ya farfaɗo da shi. A garin North Canton na jihar Ohio an mayar da tsohon gidan iyalan Hoover wurin adana tarihin kamfanin. A Ingila, wani mutum mai suna James Brown da ke garin Heanor ya shiga kundin Guinness da injina 322. Ba su da yawa kamar masu tara tsoffin motoci ko agogo, amma sun san abinsu ƙwarai, har wani zai gaya maka shekarar inji daga launin buhunsa kawai.

Tarihin abin ma yana da daɗin bi. A 1901 wani injiniya ɗan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya ƙera injin zuƙa mai girman amalanke, doki ne ke jan sa, a tsayar da shi a bakin titi a zura mesa ta taga. Da shi aka share dardumar majami'ar Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Amma kakan wanda ka saya daga Ohio ya fito. James Murray Spangler mai shara ne a wani kanti a garin Canton, yana fama da asma, ƙurar darduma na tayar masa da ciwo. Ya haɗa moto da fanka da buroshi da rigar matashin kai a matsayin buhu, ya yi masa rajista a 1908. Ba shi da jari, sai ya sayar wa William Henry Hoover, mai sana'ar fata da kayan doki, wanda matarsa 'yar'uwar Spangler ce. A shekarar suka fitar da Model O a kan dala 60, kuɗi mai yawa a wancan zamani.

A Turai kuma wata hanya aka bi. Nilfisk na Denmark ya fitar da injin zuƙarsa na farko a 1910, Electrolux na Suwidin ya kafu a 1919, a 1921 ya fitar da Model V, mai kwanciya a ƙasa a kan ƙafafun ƙarfe ana jan sa da mesa. Daga nan zuriya biyu suka samo asali, masu tsayuwa da masu kwanciya, kuma har yau a kansu ake tafiya. Kamfanonin sun riƙa ɗaukar manyan masu zana fasali: Henry Dreyfuss ya zana Hoover Model 150 na 1936, Lurelle Guild ya zana Electrolux Model 30 na 1937. Constellation na Hoover, mai siffar ƙwallo, na tsakiyar shekarun 1950, ba shi da taya ko ɗaya, a kan iskar da yake fitarwa ta ƙasa yake shawagi. Masu tarawa suna ji da shi sosai.

Ni dai abin da ya riƙe ni ba kyan fasalin ba ne. Waɗannan injina an ƙera su ne da niyyar a buɗe su. Sukurori ne na gaske, ba mannin roba ba. Ana canza buroshin moto, wato ɗan kabon da ke ba shi wuta, daga waje ko bayan cire murfi ɗaya. Kamfanin ya san wani zai zo bayan shekara goma ya sa masa mai, don haka ya bar masa hanya. Wanda ya saba buɗe kayan yanzu, waɗanda in ka ɓalle su ba sa komawa, in ya buɗe na da zai ji bambancin a hannunsa.

Fara sanin me ka riƙe

Kifa injin ka nemi ɗan farantin ƙarfe ko takardar da ke ɗauke da lambobi. Ka ɗauki hotonsa kafin ka goge komai. Zai gaya maka lambar samfuri, ƙarfin wutar da yake sha, da ƙasar da aka yi shi. Junior an yi shi ne domin ƙananan gidajen Birtaniya, ya fara fita a tsakiyar shekarun 1930, bayan Hoover ya gina masana'antarsa ta Perivale a yammacin Landan. In ka ga 370 ko 375, kana riƙe da na farko-farko. 119 na wajajen 1950 ne, 1334 na ƙarshen shekarun 1950, 1346 ya biyo baya, masu farawa da harafin U kuwa daga shekarun 1970 suke. Tunda ka ce gindinsa ƙarfe ne kuma wayar ta bushe, zai yi wuya bai haura shekara hamsin ba.

Sai ka fahimci hanyar da iska take bi a cikinsa, domin ita ce ke nuna inda zai lalace. A Junior, da ma Kirby, fankar tana dab da ƙasa, ƙura tana ratsa fankar kai tsaye sannan a hura ta cikin buhu. Hanyar gajera ce, shi ya sa moto mai watt 250 zuwa 300 yake tsotse darduma tas. Ka gwada da injinan shekarun 2000 da suka kai watt 2,000, har sai da Tarayyar Turai ta ƙayyade watt 1,600 a 2014, ta sake ragewa zuwa 900 a 2017. Ga mai zama da ƙaramin janareta ko wutar sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Illarsa ita ce duk abin da ya zuƙa sai ya daki fanka: kwabo, ƙusa, tsakuwa. Kuma ƙurarmu ba irin ta Landan ba ce, rabinta yashi ne, yashi kuwa yana cin fikafikan fanka a hankali har su yi kaifi su sirance. A masu kwanciya irin Electrolux, ƙura tana tsayawa a buhu, iska mai tsabta ce ke wucewa ta sanyaya moto. Su kuma abin da ke kashe su shi ne yagaggen buhu, ko buhun da ya toshe har moto ya rasa iskar shaƙa.

Wuta kafin komai

Nan zan daɗe, don nan ne rai yake. Jikin injinka ƙarfe ne, za ka kama shi da hannu, wataƙila ba takalmi, a kan tayil ko siminti.

Wayar nan da ta bushe ba ta da magani sai canji. Kada ka naɗe ta da salatif. Tsohuwar roba in ta fara tsagewa a waje, ta ciki ta riga ta zama gari, musamman a wurare biyu: inda waya ta shiga sanda, da inda sanda take lanƙwasa a gindi. Ka bi ta har ƙarshe, ka duba wayoyin cikin sanda da na makunni.

Wajen canjin ka kula da launi, domin launin da ba na yanzu ba ne. A tsohon tsarin Birtaniya, ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce nutural, koriya ita ce atin, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa. Daga wajajen 1970 aka koma ruwan ƙasa, shuɗiya, da koriya mai ratsin rawaya. A Amurka baƙa ce mai wuta, fara nutural. Wanda ya fi haɗari shi ne tsohon tsarin Jamus na kafin tsakiyar shekarun 1960, inda jar waya ita ce atin, wato wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen. Wanda ya saba da ja a matsayin mai wuta, in ya haɗa ta haka, ya sa wa gangar jikin injin wuta kai tsaye. Tunda kayan Jamus suna shigowa cikin gwanjo, ka riƙe wannan. Kada ka yarda da launi, ka bi kowace waya da mita ka ga inda ta ƙare.

Duba farantin ko akwai alamar murabba'i a cikin murabba'i. In akwai, an yi wa injin rufi biyu na kariya daga wuta, waya mai ƙwaya biyu ta ishe shi. In babu, kuma jikinsa ƙarfe ne, ni waya mai ƙwaya uku nake sa wa, in ɗaure atin a jikin ƙarfen da sukuru mai kyau. Masu tsananin son asali ba sa son wannan, amma ba na sassautawa a nan. Sai dai gidajenmu da yawa ramin atin na soket ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Don haka ka nemi na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara yoyo, RCD mai miliyamf 30, irin wadda ake jonawa tsakanin soket da fulogi. A fulogi mai ƙafa uku kuma ka sa fis na amf 3 ko 5 ga inji mai ƙaramin moto irin naka, ba na 13 ba, ba kuma zaren waya ba.

Akwai gwajin da mitar gida ba ta iya yi, shi ne gwajin rufin koyil. Mitar hannu tana gwadawa ne da batir mai 'yan volt kaɗan, za ta ce maka lafiya lau alhali a volt 230 wuta tana ratsawa. Ka kai wa mai gyaran da ke da mega, mitar awon rufin waya, ya gwada a volt 500 tsakanin waya da jikin ƙarfe. Ƙasa da megom 1, ba na barin inji ya fita daga shagona. Sau da yawa danshi ne kawai, na kwantena ko na ɗakin ajiya, in aka shanya moto a rana mai kyau ko aka ɗumama shi a hankali sai awon ya tashi. In bai tashi ba, koyil ya gaji.

Wani ƙaramin abu da ke firgita sababbin shiga: a kusa da moto ko makunni za ka ga wata 'yar kafasita, an sa ta ne don kada tartsatsin moto ya dami rediyo. Tsofaffin na takarda ne, suna shan danshi, bayan 'yan mintoci da tayar da inji sai su fashe da ƙara da hayaƙi mai ɗoyi. Mutum ya zaci moto ya ƙone ya jefar da inji mai lafiya. Canza ta tun kafin ta fashe, da sabuwa mai lamba ɗaya, ajin X2, wadda aka yi don wutar gida.

Ranar tayarwar farko, cire bel, ka jona injin ta hanyar kwan fitila mai zare, na watt 100 ko 200, yadda wuta za ta ratsa kwan kafin ta isa moto. Masu gyaran rediyo sun san wannan dabara. In moto lafiyayye ne, kwan zai kama da haske, moto ya fara juyawa a hankali, hasken ya ɗan ragu. In kwan ya tsaya da cikakken haske moto bai motsa ba, ko dai wayoyi sun haɗe ko moto ya cije. A kowane hali kwan ya tare ɓarnar.

Cikin moto

Moton waɗannan injina ba irin na fankar sama ba ne. Irin na injin huda ne da giranda: akwai amecha mai juyawa, a ƙarshenta akwai zoben 'yan sandunan jan ƙarfe da ake kira kwamiteta, buroshin kabon biyu suna gugar zoben suna ba shi wuta. Yana gudu fiye da juyi 10,000 a minti, wasu ma ninkin haka. Shi ya sa ƙaramin kuskure a cikinsa yake zama babba.

Kafin ka kwance, ɗauki hoto a kowane mataki, ka jera sukurori a faranti yadda suka fito. Ka yi wa kowane buroshi alama, na dama da na hagu, da fuskar da yake kallo, domin kowanne ya riga ya ci daidai da zoben. In tsawonsa ya ragu zuwa milimita 6 ko ƙasa, ko sifirin ɗinsa ya yi laushi saboda zafi, canza shi. In ba ka sami nasa ba, ana samun na injin huda mai ɗan girma a goge shi da sanfefa har ya shiga gidansa yana zamewa ba tare da girgiza ba. Ka zaɓi mai laushi. Kabon mai tauri yana cin jan ƙarfe, buroshi kuwa ana sayen sa, amecha ba a samun ta.

Yanzu kalli zoben da kyau a cikin haske. Lafiyayye launinsa ruwan ƙasa ne mai duhu, sumul, ko'ina ɗaya. Wannan duhun ba datti ba ne, fata ce da kabon ya yi masa, tana rage gogayya, kada ka kankare ta don son ƙyalli. Goge shi da tsumma mai ɗan sifirit ya isa. Ka bi tsagin da ke tsakanin sanduna da tsinken sakace ka fitar da garin kabon, domin shi ne ke haɗa sanda da sanda. In akwai kurji ko tabon ƙuna, yi amfani da sanfefa mai laushi irin ta katako, ba baƙar nan ta ƙarfe ba, wadda garinta yake ɗaukar wuta. In ka ga sanduna biyu maƙwabta sun yi baƙi fiye da sauran, ko ɗaya ta ɗago, to koyil ɗin da ke bayansu ya yanke ko ya ƙone. Gwada da mita sanda bayan sanda har ka zagayo, awon ya kamata ya zo kusan ɗaya. Hanci ma mita ne: ƙonannen banish yana da wari mai ɗaci wanda ba ya ɓoyuwa.

In moto ya tashi, leƙa wurin buroshi a ɗaki mai duhu. 'Yan ƙananan tartsatsi shuɗaye a bakin buroshi ba komai. Tartsatsin da ke zagaye zoben gaba ɗaya, mai ruwan lemo, da ƙara kamar ana yaga yadi, wannan amecha ce ta tafi. Kashe shi nan take.

Sai boris. Juya amecha da yatsa, ka ji. Ya kamata ta juya shiru ta tsaya a hankali. Da yawa daga tsoffin injina suna da boris mai ƙwallaye a gefen fanka, da bushin tagulla a ɗaya gefen. Ba abinci ɗaya suke ci ba. Mai ƙwallaye giris yake so, a wanke tsohon da ya daskare da kananzir, a bushe, a cika kamar sulusi zuwa rabi, ba a danƙara ba. In ya yi gurnani, lambarsa tana jikinsa, irin su 608 ko 6200, ana samun su a kasuwar kayan gyara, sai dai wasu tsoffin na Birtaniya da Amurka awon inci ne, sai an auna da kyau. Bushin tagulla kuwa mai yake sha, yana da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani da wani ɗan auduga da ke riƙe man. In ka sa masa giris ka toshe shi. 'Yan ɗigo na farin mai mara nauyi sun isa. Baƙin man mota da feshin sassauta tsatsa ba su da wuri a nan.

Wajen cire fanka, ka sani a injina da yawa, har da Kirby, zaren notin na hagu ne, wato ta inda aka saba ɗaurewa ta nan yake kwancewa. Na ga sanduna da yawa da aka murɗe har suka karye saboda wannan. Fankar da ta tsage ko ta rasa fiffike ba a lallaɓa ta da gam, domin rashin daidaito zai cinye sabon boris cikin ɗan lokaci.

Nan zan gaya maka iyakar abin da nake yi. Koyil ɗin gefe, wanda ba ya juyawa, ina sake naɗa shi ba fargaba, kowane mai riwayin na kirki zai iya. Amecha kuwa ba na son a naɗa ta sai in babu makawa. Naɗin kansa mai yiwuwa ne, amma daidaita nauyinta yadda ba za ta girgiza a wannan gudun ba yana buƙatar injin awo da ƙananan shaguna ba su da shi. Mai riwayin da ya ƙware a fanka da famfo ba lallai ya ƙware a nan ba. In amecha ta mutu, gara ka nemi wani mataccen inji irinsa ka ciro tasa. Kuma duk abin da na faɗa a nan hanyar bincike ce; hukuncin naka injin sai wanda ya riƙe shi a hannu ya auna.

Bel, buhu da gangar jiki

Tsoffin Junior zagayayyen bel suke amfani da shi, ana murɗa shi daga sandar moto zuwa gungumen buroshi. In ka tayar ya faɗo nan take, ka murɗa shi ta baya ne, juya shi. Har yanzu ana sayar da shi a Birtaniya da araha, ka sayi da yawa in ka sami mai zuwa. Gungumen yana da layin gashi da kuma sandunan ƙarfe masu santsi. Waɗannan ne sirrin Hoover tun 1926: iska ta ɗaga darduma, sandunan su kakkaɓe ta, gashi ya share. Don haka wannan inji na darduma ne da kafet. A kan tayil ko ledar ɗaki watsa yashi zai yi.

Buhun ka buɗe shi a waje, da takunkumi a hanci, ka ɗan yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Ƙurar da ke ciki ta tsohon gidan Turai ce, ba ka san me ta ƙunsa ba. Amurka ba ta hana fenti mai dalma a gidaje ba sai 1978, Birtaniya ba ta gama haramta asbestos ba sai 1999. Wanke buhun da hannu, ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ba bilic, ba murza, a shanya a inuwa, in ba haka ba rubutun kamfanin zai goge. Buhun yadi zalla yana barin ƙura mai laushi ta fita. In akwai mai asma a gidan, ko dai ka sa buhun takarda ko na zamani a cikinsa, ko ka bar injin don ado da nuni.

Alminiyom da ya dushe ana bin sa da sanfefar ruwa, daga lamba 400 a hau zuwa 2000, sannan man goge ƙarfe da tsumma, sai ya koma kamar sabo. Amma ka tabbata asalinsa gogagge ne, ba fentacce ba. Soda tana cinye alminiyom, tina da fetur suna narkar da roba da tambari. Sassan baƙar roba mai tauri ta da, wadda ake kira Bakelite, ruwan sabulu da ɗan man gogewa kawai suke so, kuma in sun faɗi fashewa suke yi.

A kan fenti ina da ra'ayi mai ƙarfi. In fentin asali yana nan, ko da ya ƙuje a gefe, bar shi. Wanke shi, goge shi, shi ke nan. Wanda ya feshe tsohon inji da sabon fenti kamar wanda ya gaji littafin kakansa na rubutun hannu ne ya bi haruffan da biro don su fito. Masu tarawa sun fi daraja mai ƙujewa na asali a kan mai ƙyalli na jiya. Sai tsatsa ta ci ƙarfe, ko wani ya riga ya ɓata shi da fenti, nake yarda a sake, shi ma da launinsa na farko. Duk abin da ka cire, tsohon fulogi, tsohon makunni, zuba a leda ka ajiye tare da injin.

Tarawa, kuɗi, da Kirby

Kada ka shiga da lissafin riba. An ƙera Junior da yawan gaske, ko a Ingila ba shi da tsada. Waɗanda ke yin kuɗi su ne na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, da masu cikakkun kayan haɗi da akwati da ɗan littafinsu, kuma masu sayen suna can, nauyin aikawa kaɗai zai cinye ribar. Ka zaɓi layi ɗaya ka bi, ko kamfani ɗaya ko zamani ɗaya, in ba haka ba ɗaki zai cika da tarkace. Ka saba da 'yan gwangwan, domin alminiyom ɗin jikin waɗannan injina yana kai su tukunyar narka kafin kowa ya gan su. A wurare irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna akwai masu injin lailaya ƙarfe da za su yi maka bushi ko ƙaramin sashe in ka kai samfuri. Wajen ajiya, cire bel don kada ya saki, rufe injin daga ƙurar hunturu, ɗaga shi daga ƙasa lokacin damina, ka kuma kare buhun daga ɓeraye.

Kirby inji ne na kirki. Kamfanin Scott da Fetzer na Cleveland ne ya riƙa ƙera shi bisa zanen Jim Kirby, gida-gida ake tallarsa, jikinsa zubin alminiyom ne, kuma har yau ana samun bel da buroshi da fanka na samfurori masu shekaru da yawa. Daga samfurin Generation 3 na 1990 aka sa masa giya mai taimaka wa turi, wadda ta ƙara masa nauyi zuwa wajen kilo 10 ta kuma ƙara abin lalacewa, don haka ga mai koyo na fi son na kafin nan. Abin dubawa shi ne farantin. Akwai waɗanda aka yi don Birtaniya da Turai masu volt 230 ko 240, su ba matsala. Na Amurka volt 120 ne, yana jan wajen amf 7, kusan watt 840. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma kada ta gaza watt 1,500, domin moto yana fizgar wuta lokacin tashi. Bambancin bugun wuta, 60 na Amurka da 50 namu, ba ya damun irin wannan moto.

Ka tambayi mai kayan ko ya taɓa jona shi, sannan ko me ya ce, ka kai hancinka wurin da iska ke fita daga moto ka shinshina. Cire kan gaba ka juya sandar da yatsa, ka haska fankar ka ƙirga fikafikanta. In babu warin ƙuna, sanda tana juyawa sumul, mesa da kayan haɗinsa suna nan, saye shi ka ajiye a rufe, amma kada ka buɗe shi sai Junior ya tashi ya share kafet ɗin falonka.